Oga Sallama da Ɗan Shuɗi

Wanda bai taɓa ganin Oga Sallama yana ratsa barandar ofis ba, bai san abin da ake kira tafiya ba. Tumbi a gaba, fayil a hammata, biro uku a aljihu: shuɗi na gaisuwa, baƙi na gargaɗi, ja na kora. Shi ne Shugaban Sashen Ladabtar da Ma'aikata, kuma da bakinsa yake faɗa cewa a shekara tara ya sallami mutum arba'in da ɗaya, kowannensu sai da ya yi godiya kafin ya fita. Gaskiya ne kuwa, don ya ba maigadi umarni kada ya buɗe ƙofa sai ya ji godiyar.

Mutum ne mai tsari, Allah ya ƙara masa. Ba a riga shi shiga ɗakin taro, ba a riga shi zama, ba a riga shi kai hannu farantin biskit. Ya taɓa korar mai shara saboda tsintsiyarta ta riga shi tsallake ƙofa.

A zauren karɓar baƙi akwai wani tankin gilashi mai tsawon gado, wanda Hajiya mai kamfanin ta kafa. Ruwan gishiri ne a ciki, da duwatsun teku masu ramuka, da murjani mai rai yana kaɗawa a hankali, da kifi goma sha ɗaya. Abin ƙaunar Hajiya shi ne Rawaya, kifi mai faɗin tafin hannu, salihi, ko kallon banza bai iya ba. Sai kuma Ɗan Shuɗi. Bai kai babban yatsa ba, amma ya mallake tankin tun daga yashi har saman ruwa. Ya tsare Rawaya a lungu, ya yayyage masa jela, ya hana shi cin abinci kwana shida.

Ranar Litinin Hajiya ta tsaya gaban gilashin da jakar tafiya a hannu, ta ce wa Baba Mai Kifi, dattijon da ke zuwa kula da tankin, “Baba, Alhamis zan dawo. Don Allah a cire wannan ɗan ta'addan kafin ya kashe min Rawaya.”

Oga Sallama na wucewa ya ji kalmar cirewa. Ya tsaya cak.

“Hajiya, duk wata cirewa a ginin nan ta sashena ce. Ki tafi hankali kwance. Na kori direbobi, na kori akawu mai digiri biyu. Wannan ko takardar ɗaukar aiki ba shi da ita.”

Bayan ta tafi, Baba ya ciro wani ƙaramin akwati na roba mai haske, da ƙofar da ake saki da zare. “Ranka ya daɗe, irin wannan raga ba ta kama shi, ramukan dutsen nan gidansa ne. Abinci za a sa a akwati, a bar ƙofa buɗe. Halinsa zai kai shi, ba ya iya ganin wani ya riga shi. Sharaɗi ɗaya ne: kowa ya ja baya, kada a tsaya gaban gilashi.”

“In ja baya?” in ji Oga. “Baba, akwai matakai. Ba a korar kowa sai an tuhume shi.”

Kafin a tashi aiki an buga takardar tuhuma, shafi biyu, an danna mata hatimi, ya manna ta a gilashin da kansa. Anti, mai karɓar baƙi, wadda tebur ɗinta ke fuskantar tankin, ta ɗago kai ta ce, “Oga, rubutun ni yake kallo.” Ya juya takardar. Ɗan Shuɗi ya zo, ya duba, ya kai wa sa hannun Oga cizo ta bayan gilashi. Oga ya rubuta a fayil: ya ƙi karɓa, ya kuma nuna rashin ladabi.

Talata ya yarda a gwada akwatin. An sa abinci, Baba ya koma bayan ginshiƙi da zare a hannu. Oga kuwa ya ja kujera ya dasa ta dab da gilashin, wai doka ta ce dole jami'i ya shaida kamu. Awa biyar suna kallon juna, shi da kifin. Da Oga ya kumbura kumatu, kifin ya buɗe ƙayoyin bayansa. Baƙin da suka zo ranar sun ɗauka tattaunawa ake yi, suka riƙa magana ƙasa-ƙasa. Da yamma Oga ya rubuta cewa akwatin bai cancanta ba, ya dakatar da shi daga aiki.

Laraba ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya hau kujera da raga. Ya kai hagu, kifin ya shige rami ya ɓullo ta dama. Ya kai dama, ya ɓullo ta ƙarƙashin hammatarsa. Raga ta kamo murjani, ta kamo katantanwa, ta kamo agogon Oga da ya suɓuce. Da ya zura hannu a rami, aka karɓe shi da cizo a ɗan yatsa. Ihun da ya yi har hawa na uku, amma a fayil an rubuta cewa jami'i ya ɗaga murya don jan kunne.

Safiyar Alhamis hikima ta sauko masa. Ya lura sauran kifayen ba sa gudun raga, masu biyayya ne, da ka nuna musu sai su shigo. To me ake jira? Ya aika aka kwaso bokitan goge-goge. Ɗaya bayan ɗaya ya kwashe su goma, har da Rawaya, wanda ya shiga raga kamar mai neman afuwa. Ya ce wannan sauyin wurin aiki ne. Sannan ya kwashe duwatsun ya jera kan kafet, wai an rufe wa mai laifi gidaje. Murjani ya fara yaushi, zaure ya ɗauki ƙarni, Rawaya ya kwanta a gefe ɗaya a gindin bokiti yana buɗe baki.

Baba na shigowa ya yi salati. Bai tsaya gaisuwa ba, ya zura bututun iska a bokitin Rawaya, ya riƙa mayar da duwatsu cikin ruwa. Ana cikin haka Hajiya ta iso.

Oga ya gyara tsayuwa, ya ɓoye yatsa mai filasta a baya. “Hajiya, ina mai farin cikin sanar da ke cewa an samu zaman lafiya ɗari bisa ɗari. Tun safe ba a ciji kowa a tankin nan ba. Wannan shi ake kira shugabanci.”

Hajiya ta dubi bokitai. Ta dubi tankin, inda Ɗan Shuɗi ke kewayawa shi kaɗai, daga wannan bango zuwa wancan, yana neman wanda zai ciza. Sai ta juya ta leƙa babban ɗakin ma'aikata, ta daɗe tana kallon kujerun da babu kowa a kansu.

“Baba, Rawaya zai tashi?”

“Zai tashi, Hajiya, in an mayar da shi gida yanzu.”

“To nuna min yadda akwatin nan yake aiki. Oga, koma bayan ginshiƙi.”

Ya koma, tumbin dai ya ƙi ɓuya. Baba ya sa abinci, ya ari ƙaramin madubin Anti ya jingina a bayan akwatin. Ɗan Shuɗi ya hango wani shuɗin kifi mai kama da shi ya nufo abincin. Ko tunani bai yi ba, ya faɗa ciki da gudu. Baba ya saki zare. Anti ta duba agogo: minti ɗaya da rabi.

“Ikon Allah,” in ji Hajiya. “Halinsa kawai?”

“Halinsa kawai.”

Washegari Rawaya ya fito tsakiyar ruwa yana cin abinci da guntuwar jelarsa. A allon sanarwa kuma aka ga takarda: shayi da biskit ga dukkan ma'aikata, ƙaramin ɗakin taro, ƙarfe goma. Goma saura kwata aka ji takalmin Oga. Ya ture akawu biyu a baranda, ya kutsa ciki, ya kai hannu faranti. Sai da ya cika baki ya lura babu wanda ya biyo shi. Kusa da farantin akwai ambulan da sunansa a kai, an rubuta da jan biro. A bayansa Anti ta ja ƙofa a hankali.

Da ya sauko da kwalin kayansa, ya tarar da maigadi tsaye, hannu a kan sakata, bai buɗe ba.

“Ranka ya daɗe,” in ji maigadi, “ban ji ba tukuna.”