Gaisuwar Suruki a Kan Keken Tsere

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai, da ranar da na hau keken tsere daga Zangon Lome har zuwa Aneho.

Ni mutum ne mai son gida. Sana'ata ɗinkin hula, kuma iyakar tafiyata daga zaure zuwa masallaci, sai kasuwar Adawlato idan zare ya ƙare. Abokai har suna suka sa mini, Na-Zaure. Labarin duniya kuwa ina da shi fal, domin fataken da ke sauka Zango a zaurena suke hira, ni kuma Allah ya ba ni kunne. Sai in ba ka labarin Kumasi kamar can aka yanke mini cibiya, alhali ko Bagida, nan kusa da mu, ban taɓa takawa ba.

Zamanin Faransa na riƙe da ƙasar ne, matata Hajara ta yi haihuwar fari. Mahaifinta, Malam Buhari, ya koma Aneho yana limanci tun bayan aurenmu. Dattijo ne marar yawan magana, ban taɓa ganin haƙorinsa ba. (Na ji an ce ya taɓa tambaya ko mijin Hajara yana da ƙafafu kuwa.) Hajara ba ta da buri sai babanta ya zo ya raɗa wa jaririn suna da bakinsa. Mun ba wani falke goron gayyata ya kai masa, ashe zazzaɓi ya kwantar da mutumin, goro bai bar Lome ba. Ba mu sani ba sai da suna ya rage jibi, kuma jirgin ƙasa na ranar ya riga ya tashi. Idan goro bai isa a yau ba, Malam ba zai hau jirgin gobe ba, don ba mutum ne da zai zo inda ba a gayyace shi ba.

Na tarar da Hajara tana kuka. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ni zan kai."

Ta tsayar da kukan ta dube ni. "Kai, maigida? Ka san ma ta inda ake fita gari?"

Na nufi wurin abokina Ɗanjuma mai gyaran keke. Duk kekunansa an yi hayarsu, saura ɗaya da ya saya hannun wani saurayin Bafaranshe da ya koma ƙasarsu. Tayarsa siririya kamar yatsa, ƙahonsa ya lanƙwashe ƙasa kamar na ragon layya, sirdinsa kuwa ko kurciya ba za ta ji daɗin zama a kai ba. Na ɗaga shi da hannu ɗaya, na ce a'uzu billahi.

"Na-Zaure, buɗe kunnenka," in ji Ɗanjuma. "Wannan ba shi da birki. Feda da taya a haɗe suke, muddin taya na juyawa feda na juyawa. Ƙafarka ce birki. In za ka tsaya, danne feda baya a hankali. Kada ka kuskura ka cire ƙafa yana tafiya."

Ya sa ƙafafuna a feda, ya ɗaure kan takalmana sau-ciki da wata igiyar fata da ke jiki. Na naɗe riga a ƙugu, na goya ƙunshin goro a baya, ya tura ni. Na ji kowace kalma tasa, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba.

Da hantsi na bar gidajen ƙarshe na Lome. Jama'a, ashe haka Allah ya shimfiɗa duniya, ni ina zaune ina soka allura! Hanya ta miƙe ja wur tsakanin itatuwan kwakwa, sahu bayan sahu kamar masallata ranar Idi, ba su da iyaka. Ganyensu na wata ƙara a sama kamar yayyafi a kan kwano. A hannun dama teku. Na saba jin sa daga nesa yana gurnani, amma ban taɓa tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi ba. Ya taso fari fat, ya faɗi, ya ja numfashi, ya sake tasowa, ba gajiya. Keken kuma ba ya ƙara ko kaɗan, sai wani siririn sauti, sssss, kamar ana yaga alharini. Iska ta cika mini riga. Na tsinci kaina ina ta subhanallahi da ƙarfi, ni kaɗai a hanya.

Wajen Bagida na iske masunta suna jan taru daga teku, maza da mata riƙe da igiya guda, mutum ɗaya na ba da waƙa da yarensu na Mina, saura na amsawa, duk amshi sai su ja da baya taku ɗaya. Har yau in na rufe ido ina jin amshin nan. Yara suka hango keken Bature suka biyo ni suna "Yovo! Yovo!", wato farar fata. Da suka matso suka ga baƙin Bahaushe da hula, sai suka tsaya cak, baki buɗe.

Da azahar na danne feda baya yadda aka koya mini, na rungumi wata kwakwa, na kwance igiya, na sauka lafiya lau. (Ku riƙe wannan, don ku san na iya tsayawa.) Wata tsohuwa ta fasa mini ɗanyar kwakwa na sha, ba ta jin Hausa, ni kuma Minata ta cinikin zare ce, amma mun yi hira har da dariya. Na yi salla a kan yashi, ban taɓa jin ƙanƙantata a gaban Ubangiji kamar ranar ba.

Na sake ɗaure takalma a feda, na kama hanya. Gaba kaɗan sai ga wani ruwan kuma a hagu, tafki, shiru kamar an shimfiɗa madubi, kwale-kwale na tafiya a kai mutum na tsaye da gora. Teku na hauka a dama, tafki na barci a hagu, ni a tsakiya a kan ɗan siririn ƙasa. Cinyoyina na wuta, mazaunina ya daina nawa, amma wallahi ban so hanyar ta ƙare ba. Har na fara tsara yadda Malam zai dube ni ya ce, ashe yaron nan namiji ne.

Bayan la'asar na shiga Aneho. Aka nuna mini zango, aka ce in bi gangaren nan, masallaci na ƙasa kusa da bakin ruwa. Ina shan kwana sai ga Malam Buhari zaune a kan buzu a ƙofar masallaci, dattawa kewaye da shi.

To, kun san tarbiyyarmu. Ba a tunkarar suruki da takalmi. Tun daga nesa ake tuɓewa, a durƙusa. Ban yi shawara da kaina ba, ƙafafuna ne suka yi abin da aka koya musu tun suna ƙanana. Suka zare kansu daga sau-ciki, sumul.

Takalma suka zauna ɗaure a feda. Feda ta ci gaba da juyawa. Gangare ya karɓi keke.

Na nemi mayar da ƙafa, takalmi ya zo ya buge ni a ƙauri ya wuce, ɗayan ma ya zo ya rama. Sai na buɗe ƙafafu sama, tafin ƙafata tsirara na kallon dattawa, takalmana na tuƙi su kaɗai. Kuma saboda ba a wuce suruki ba gaisuwa, na sunkuyar da kai, na ɗaga murya:

"Salamu alaikum! Baba, barka da yamma! An samu ƙaruwa a gid..."

Ragowar a cikin tafki na ƙarasa ta.

Masu kwale-kwale suka tsamo ni, taɓo har gira, hula ta tafi. Aka jingina keken a bangon masallaci, takalmana na rataye suna ɗiga. Na rarrafo na durƙusa gaban Malam, na kwance goro na miƙa da hannu biyu. Ya buɗe ganyen, ya juya goro ɗaya, ya ce, "Goro dai ya sha ruwa, ba zai bushe ba." Ya dubi keken, ya dube ni.

"Daga Lome kake a kan wannan abin?"

"E, Baba."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, Baba."

"Na ga surukai iri-iri," in ji shi, "amma yau na fara ganin wanda takalmansa suka kawo shi gaisuwa."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya sa hannun riga ya rufe baki, abin ya fi ƙarfinsa. Ranar na ga haƙoran Malam Buhari, har da giɓi. Dattawa suka kwashe, ladan har da kwanciya. Da ya share hawaye ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. A ba shi ruwa da riga. Gobe tare za mu hau jirgi."

Haka aka yi. Shi a zaune, ni a tsaye har Lome, don zama ya gagare ni. Ta taga na yi ta kallon kwakwar nan da tekun nan, ina ce wa raina, jiya ni na ratsa duk wannan da ƙafata. Malam ya raɗa sunan jikansa, Hajara ta yi kukan daɗi, sannan ya ba duk Zango labarina da bakinsa, mutumin da ba ya magana.

Har yau ina tuɓe wa manya takalmi, ban fasa ba. Sai dai yanzu nakan bari ƙafata ta taɓa ƙasa tukuna.