Ranar da Aka Saurari Injiniya

Ba kowane gida Allah ke yi wa baiwar injiniya ba, amma wannan gida an yi masa. Gaskiya ne mutumin bai taɓa shiga ajin kwamfuta ba. Sai dai ya yi shekara da shekaru teburinsa na kusa da na'urar buga takardu a ofis, kuma duk ranar da ta cinye takarda shi ake kira ya zaro. Abokan aiki da wasa suka laƙaba masa Injiniya. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sayi tabarau mai igiya.

Ana nan sai ƙanwarsa, autar gidan, ta haihu a can nesa inda take aure. Mahaifiyarsu, Inna, ba ta da buri sai ta ga fuskar jikanta. Idonta ya yi rauni, a waya dishi-dishi kawai take gani, don haka aka sauko da tsohuwar kwamfutar cinya daga saman kabad, mai faɗin allo da nauyin bulo. Lafiyarta ƙalau muddin ba a ce ta shiga intanet ba. Da an jona ta sai fankarta ta yi gurnani, kibiyar allo ta tsaya cak, komai ya ƙame.

Matarsa ta ce a kai wa mai gyara. Injiniya ya dube ta ta saman tabarau.

"Mai gyara? Ai su in abu ya gagare su, irinmu suke nema. Wannan cunkoson sigina ne a ƙwaƙwalwa. Ba za ki gane ba."

Ya naɗe hannun riga. Ya kashe, ya kunna. Ya cire batir, ya hura masa iska, ya mayar. Ya ɗaga ta sama wajen taga domin intanet ya samu hanyar shiga kai tsaye. Ya sa matarsa ta tsaya tana yi wa kwamfutar fifita da murfin kwali. Duk gargaɗin da ya fito a allo sai ya rufe shi bai karanta ba, don babban masani ba ya karɓar shawara daga na'ura. Inna kuwa tana zaune a gefe, ta ɗaura sabon kallabi don kada jika ya same ta haka nan.

Can dai, ikon Allah, sai ga Auta da mijinta a allo, kafaɗa da kafaɗa, gefen bargon jariri na leƙowa daga ƙasa. Inna ta yunƙura. Injiniya ya riga ta, ya kafa fuska gaban kamara.

"Kafin mu shiga batun jariri," in ji shi, "ya kamata ku san irin gwagwarmayar da aka sha kafin ku ganmu."

Ya faro daga batir, ya bi ta taga, ya ratsa tarihinsa na ofis. Auta da mijinta ko ƙiftawa ba su yi ba. Daɗi ya kama shi har wuya. Bai taɓa samun masu sauraro irin waɗannan ba: a gida matarsa takan tuna ta bar tukunya a wuta, a ofis kowa wayarsa ke kiransa. Yau ga mutum biyu sun zuba masa ido, suna shan ilimi.

"Matsa in gani mana," Inna ta ce.

"Bari in kammala, Inna. Ba ki ga sun natsu ba?"

Wayar matarsa ta yi ƙara. Ta buɗe murya kowa ya ji. Auta ce.

"Don Allah ku ce wa Yaya tun ɗazu hancinsa ne ya cika mana allo, baki a buɗe, ba motsi ba magana. Mun gaji da jira, yaron ma ya yi barci. Sai wani lokacin."

Injiniya ya taɓa kibiya. Tana nan inda ya bar ta. Ya yi gyaran murya, ya bayyana cewa matsalar daga ɓangarensu take.

Inna ba ta ji daɗi ba, ba ta kuma ɓoye ba. Ta warware sabon kallabin, ta ninke shi a kan gwiwa, ta dubi surukarta.

"Gobe ki kai ta wurin mai gyara, ina son ganin jikana. Amma kada kowa ya ga laifin kwamfutar nan. Ni ma da na haife shi, haka nake yi in ya fara bayani."