Kaset a Ƙarƙashin Kabad

"Lafiya lau, ya gajiya? Ko yunwa ce ta koro min kai, maigidan?"

Hantsi ya ratso labule ya kwanta a tsakar ɗakin Kaka kamar kyanwa. Jikanta, mai tara kaset-kaset na tsofaffin finafinan barkwanci, yana durƙushe a gabanta, amma idonsa na kan gurguwar ƙafar kabad ɗinta. Da kaset ɗin bidiyo aka tokare ta, kashi na biyu na wani fim da ya shekara uku yana nema.

"Tsohuwa, kin san abin da kika danne kuwa?"

"Na sani, ma'aikaci ne. Shekara ashirin yana ɗauke da kwanukana, bai taɓa cewa wash ba. Kai me ka taɓa ɗauka ban da cokali?"

"Ga katako na yanko daidai kaurinsa. Mu yi musanya."

"Au, har da awo! Ashe gaisuwar ta kaset ce."

"To wa zai zo don ke? Haƙori biyu, su ma ba sa ga maciji."

"Su suka tauna maka nama kana zanin goyo, marar kunya."

"Ki ji tausayi. Kashi na ɗaya ya ƙare ɓarawo na maƙale a taga. Shekara uku bawan Allah yana reto."

"Ya yi ta reto. Ranar da kakanka ya ga yadda aka zaro shi, dariya ta fizge masa haƙoran roba, suka faɗa shayin baƙo. Ni na yanke wa kaset ɗin hukunci."

"Ni nawa haƙoran na Allah ne."

"To ɗaga kabad ɗin mu gani. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare."

Ya sa kafaɗa ya cicciɓa, kwanuka suka hau kaɗa baki. Kaka ta zare kaset ɗin, ta koma bakin gado, ta shiga goge shi da gefen zani, a natse.

"Kaka, katakon! Tura katakon!"

"Yau ni ce Kaka? Ina Tsohuwa ta tafi?"

"Ta yi ƙaura! Bayana zai ɓalle!"

"Wa ya fi kowa kyau a gidan nan?"

"Ke!"

"Da ƙarfi, kunnena ya tsufa."

"Ke ce, amarya, tauraruwar unguwa!"

Ta kece da dariya har da hawaye. Ta tura katakon da ƙafa, kabad ya zauna daram, jika ya zube yana haki.

"Ungo, ragon miji," ta ce, tana miƙa masa. "Amma a ɗakin nan za a kunna shi, kuma kujerar gaba tawa ce."