Fam Biyar Mai Huji

Jama'a, ku yi min jaje. Jiya na shiga ofis da fam biyar lafiyayya, na fito da ita da huji.

Kun dai san cutata, tara tsoffin takardun kuɗi na zamanin Turawa. Mai ɗakina kan ce kuɗin da ba sa sayen gishiri nake wa bauta. A cikinsu akwai fam biyar da babana ya bar min, ko lanƙwasa babu. Ni kaina sai na wanke hannu nake taɓa ta.

Sai aka yi shela a rediyo, wai manya za su buɗe gidan tarihi, mai tsohon kuɗi ya kawo aro. Maƙwabcina mai gyaran agogo ya ce, "Malam, abin da ya shiga ofis ba ya fitowa yadda ya shiga." Na ce haba, ai wannan karon har kwamiti aka kafa. Kunne ya ƙi ji.

Awa uku ina ɗumama benci a ofishin kwamitin. Da layi ya zo kaina, akawu ya lashi yatsa, ya zaro fam biyar ɗin daga leda. Kafin in ce kwabo, ƙwas! Ya huda ta, ya zura mata igiyar fayil.

"Innalillahi! Ɗana, me ka yi haka?"

"Baba, ƙa'ida ce. Takardar da ba ta shiga fayil ba, ba ta zo ba."

Har ya ɗaga hatimi zai buga mata, na cafke hannunsa. Wallahi ƙwalla ta cika min ido, don babana na tuna.

Aka shigar da ni wurin Ranka-ya-daɗe Shugaban Kwamiti. Ofis sanyi ƙalau, sababbin motoci uku a waje, gidan tarihin kuwa ko harsashi ba a haƙa ba. Ya ɗaga takardar sama, ya leƙo ni ta hujin.

"Ayya, Malam, ba ka kula da ita ba. Mu lafiyayyu kaɗai muke karɓa."

Madalla da wannan tsantseni, Allah ya ƙara wa manya basira! Har ya ce in akwai wasu a gida in kawo ranar Litinin. Na ce ai gara ta cinye sauran. Allah ya yafe min ƙazafin da na yi wa gara, baiwar Allah, ita ko kusurwa ba ta taɓa ci min ba.