Faifai Mai Jan Farce

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ina iyali? Ei, Brimah, wannan fuska fa? Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu, Adizatu. Ganinki ne da sassafe ke rage wa mutum kwana. Shigo, ki kula da wayar nan kada ki taka."

Safiyar Alhamis ce a Aboabo. Masta Brimah, wanda ya shugabanci makarantar firamare ta unguwar shekara ashirin da biyu kafin ya yi ritaya, yana zaune gaban laftof, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Hajiya Adizatu 'yar kawunsa ce, wato taubashiyarsa, kuma ita ce sakatariyar makarantar a zamaninsa. Yanzu atamfa take sayarwa a kasuwa.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne alkawarin da ya yi wa Nusrat, tsohuwar ɗalibarsu da ke aikin jinya a Bantama. Ta sami gurbin ƙaro ilimi a ƙasar waje, amma takardunta biyu sun saɓa a kan ranar haihuwarta, aka ce ta kawo shaida daga makarantar da ta fara shiga. Gobe Juma'a za a rufe karɓa a Accra, yau da azahar za ta zo ta karɓi wasiƙar ta kama mota. Littattafan rajista kuwa ambaliya ta tafi da su tun da daɗewa. Abin da ya rage shi ne tsohuwar kwamfutar makarantar, ita ma ta mutu. Wani mai gyara a Adum ya kwashe abin da ke cikin babban faifanta da ƙananan faifanta ashirin da uku ya zuba a laftof, ya sa wata manhaja da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar, ta yadda za ta tashi a cikin sabuwa kamar tana raye. Tun ranar Litinin ta ƙi tashi.

"To, bawana, ga ni. Kai ka kira ni."

"Yatsana ne ya zame a kan waya."

"Ya zame sau huɗu? Tun ina alwala? Ɗan mace ba ya rabuwa da ƙarya. Faɗi abin da ke damunka, na bar shago a hannun maƙwabciya."

"Ba taimako nake nema ba. Shaida nake so ki zama. Duba nan."

Ya danna. Wani baƙin fili ya bayyana a tsakiyar allon, aka ji ƙara guda, sannan layi ɗaya na Turanci ya fito.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba. Sau talatin da ɗaya ke nan tana faɗa mini haka."

"Ka ƙirga?"

"Na ƙirga."

"Wayyo, hedimasta guda! Wanda ya yi shekara talatin yana ba mutane labari a wurin suna da biki cewa shi ya kawo kwamfuta Aboabo. Ka kira mai gyaran mana."

"Ya tafi Tamale jana'iza, wayarsa a kashe."

"To ka rubuta wa yarinyar wasiƙarta kawai. Ka san ta, ka san ubanta marigayi Nasrullah. Ka tambaye ta ranar da take so, ka sa hannu."

"Adizatu, ban taɓa sa hannu a kan abin da ban gani da idona ba. Ba zan fara da furfura ba. Kuma idan na zaɓi ranar da ba ita ba, can suka bincika, ni na kashe mata gaba."

Hajiya Adizatu ta ja kujerar roba ta zauna. Daidai nan fankar sama ta fara rage gudu, ta tsaya.

"Yoo. Dumso mai ɗauke wuta ya zo gaishe ka. Batirinka nawa?"

"Kashi talatin. Batirin ma tsoho ne, ba ya riƙe alkawari."

"Kamar mai shi. Wane faifai ka sa mata da farko?"

"Babu. Babban faifai na ciki shi ke tayar da kwamfuta. Haka yake a littafi, haka na karanta wa malamai."

Sai ta fashe da dariya, har gyalenta ya zame daga kafaɗa.

"Mene ne abin dariya? Minti yana tafiya!"

"Brimah, ƙarfe nawa kake zuwa makaranta?"

"Bakwai daidai. Ko sau ɗaya ban makara ba."

"Ni kuma shida da rabi. Ka taɓa tarar da kwamfutar nan a kashe?"

Ta nuna shi da yatsa, ta ci gaba.

"Ba ka taɓa ba. Kullum a kunne kake tarar da ita, kamar yadda kake tarar da shayinka da zafi, kana zaton aljanu ne ke dafawa. Babban faifan nan ya daina tayar da ita tun tsawar da aka yi a casa'in da bakwai. Abin da ke ciki yana nan lafiya, tashi ne kawai ba ya iyawa. Da ƙaramin faifai nake tayar da ita kowace safiya."

"Tun casa'in da bakwai? Kuma ba ki kai mini rahoto ba?"

"In kai maka rahoto ka rubuto mini takardar tuhuma shafi uku? Ni na bar ta jone da wuta ranar tsawar, na tafi sunan ɗan Zaratu."

"Innalillahi! Dukiyar makaranta! Da na sani da na kore ki."

"Da ka kore ni da ka koma rubuta sunan yara da alli a bango. Ka kore ni yanzu mana. Ga ƙofa, in tashi?"

"Zauna. Wane faifan ne?"

"Ka ce don Allah, uwargijiyata."

"Kashi ashirin da shida, Adizatu!"

"Mai jan farce. Na shafa masa jan farce a kusurwa don kada ya ɓace mini."

Ya juya ga laftof, ya buɗe jerin faya-fayan da mai gyara ya kwafa. Babu komai sai lambobi, daga ɗaya zuwa ashirin da uku.

"Ina jan farce a nan? Nuna mini! Inji ba ya kwafar kwalliyar mata. Me aka rubuta a jikinsa?"

"Jarrabawar aji huɗu, ko aji biyar. Tsohon faifai ne na goge na yi amfani da shi."

"Kin sa faifan tayar da kwamfuta a ƙarƙashin sunan jarrabawa? Wa ya koya miki aikin ofis?"

"Kai. Kai ka hana sayen sabuwar takardar liƙawa, ka ce almubazzaranci ne. To yanzu sai mu gwada su ɗaya bayan ɗaya."

"Kowane gwaji yana cin kashi uku ko huɗu. Ba za mu kai rabi ba."

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sai kuma ya miƙe da sauri, ya shiga ɗaki, ya fito da wani gwangwanin biskit.

"Kafin in ba mai gyara, na rubuta wa kowane faifai lamba da fensir, na ce ya sa wa kowane kwafi lambarsa. Ya ce wahala ce, na tsaya a kansa har ya gama."

"Ei! Yau ciwonka ya yi rana. Kawo nan, idonka ba ya bambance ja da baƙi."

Ta zazzage faya-fayan da ke cikin gwangwanin a kan tebur tana juya su ɗaya ɗaya. Ya tsaya a kanta yana kallon agogon bango.

"Ba ya nan, Brimah."

"Dole yana nan. Ashirin da uku ne."

"Na ce ba ya... tsaya. Ga shi, ya manne da wani. Jan ya koma kamar tsatsa."

"Lamba?"

"Rubutunka kamar tururuwa ta faɗa tawada. Sha bakwai."

Ya bi matakan da mai gyara ya nuna masa, ya saka kwafi na sha bakwai a ramin ƙaramin faifai na kwamfutar kwaikwayo, ya sake tayarwa. Aka ji ƙara guda. Sannan wani gurnani ya fito daga laftof, irin na tsohon inji yana karanta faifai, layuka suka fara sauka.

"Kin ji? Har kukanta suka kwaikwaya!"

"Kai ma kukanka ya kusa. Duba, tana tambayar kwanan wata."

"Wannan kam ba sai an koya mini ba."

Ya buga kwanan watan ranar, da wata da shekara, daidai yadda suke a kalandar bango. Kafin ta ce wani abu ya danna. Manhajar rajista ta buɗe, sunan makarantar ya bayyana a shuɗin fili, sai komai ya daskare. Ya danna nan, ya danna can. Ko motsi.

"Me ka buga?"

"Kwanan yau."

"Wa ya aike ka? Kai, ɗan goggo, Allah ya shirye ka! Rajistar nan ba ta san an shiga shekara ta dubu biyu ba. Idan ta ga shekarar da ta wuce casa'in da tara sai ta sume. Casa'in da takwas za ka ba ta."

"Yau ba casa'in da takwas ba ce."

"Ita ba ta sani ba."

"Tsaya. Kina nufin duk shekarun da suka biyo baya, kowace safiya kina yi wa kwamfutar makarantata ƙarya?"

"Shekara tara cur. Ta taɓa kai ƙarata?"

"To ranakun da ke cikin rajistar fa? Su ma ƙarya ne?"

"A'a. Agogonta kawai nake ruɗa. Ranar haihuwar kowane yaro da hannuna na buga, daga bakin ubansa ko katin awon asibiti, kai kuma kana bi da jan biro kana dubawa duk ƙarshen zango. Ka manta yadda ka sa na sake buga aji uku gaba ɗaya saboda waƙafi?"

"Kashi goma sha uku."

"To sake tayar da ita!"

Ya sake. Gurnanin ya dawo, ya yi kamar ba zai ƙare ba. Daga waje ana jin masu adaidaita suna ta oda a kan hanyar Asawase. Tambayar kwanan wata ta sake fitowa. Masta Brimah ya ɗora yatsa a kan madannai, ya tsaya.

"Buga mana!"

"Hannuna ya ƙi."

"Hannunka ya ƙi? Yarinya tana shirin hawa motar trotro yanzu haka da jakarta, kai kana nan kana tsoron yi wa akwatin ƙarfe ƙarya! Tashi daga kujerar nan."

"Kujerata ce."

"Kujerar mai aiki ce. Tashi kawai!"

Ya tashi. Ta zauna, ta tura awarwaronta sama, ta buga. Yatsun da suka yi shekaru suna auna yadi suka bi madannai ba tare da ta duba su ba. Shuɗin filin ya buɗe, wannan karon ya tsaya da ƙafarsa, jerin azuzuwa ya fito.

"Kashi takwas, Adizatu."

"Daina hura mini iska a wuya. Nusrat uku gare mu. Nusrat Boukari, ba ita ba. Nusrat Issifu, wannan mai kukan ce. Ga ta. Nusrat Nasrullah."

"Buɗe."

"Ta shiga aji ɗaya a watan Satumba, casa'in da shida. An haife ta tara ga Maris, dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in. Shaida: katin awo, mahaifi ya kawo."

"Sake karantawa."

"Tara ga Maris, casa'in."

Ya sunkuya ya karanta da kansa, yatsa a kan allo. Ya ɗauko wasiƙar da ya riga ya tsara tun ranar Lahadi, wadda ya bar wa gurbi guda, ya cike gurbin da alƙalaminsa a hankali, ya kwafi lambar rajista. Ya sake kwatantawa harafi da harafi. Yana ɗaga kai allon ya yi baƙi.

Ya sauke numfashi, ya zauna a kan kujerar roba.

"Da ta mutu minti ɗaya kafin haka, da kai ma mun yi maka salla."

"Da na tashi na hana ki kuka, don muryarki ba ta da daɗi."

Ya jawo wasiƙar, ya ja layi a ƙasa da rula, sama da wurin sa hannunsa, ya yi rubutu, ya tura mata.

"Me ka rubuta? Ka san rubutunka ba ya karantuwa."

"Wadda ta shigar da bayanin, ta kuma ciro shi: Adizatu, sakatariya. Sa hannu."

"A saman naka? Shekara ashirin da biyu ina buga takarda kana sa hannu, ko harafin sunana ba ka taɓa bari ya fito ba."

"Sa, kafin hankalina ya dawo."

Ta karɓi alƙalamin, ta sa hannu da manyan baƙaƙe har ta ci rabin gurbinsa. Ya duba, ya girgiza kai, dariya ta ƙwace masa, irin wadda malamansa ba su taɓa ji ba.

"Kin ci ni, 'yar kawu. Riƙe alƙalamin, na ba ki."

"Wannan? Ya ɓata mini yatsa da tawada tun yanzu. Karɓi, ka sa naka hannun a ɗan wurin da na rage maka, sannan ka dawo mini da kayana."