Ranar da Na Ceto Gwaggo Daga Sallar Walaha

Ƙanshin man shanu a kan wuta, da kukan tantabaru a saman rumbu. Ba na jin zan taɓa mantawa da su, domin su ne abu na ƙarshe da na ji a Kiyawa ina da sauran mutuncina.

Lokacin na samu aiki a Ingila, aikin agajin gaggawa. Wato mu ne ke cikin motar asibiti mai jiniya, mu ke fara isa wurin mara lafiya kafin likita ya gan shi. Komai ya kammala, har biza ta fito, ni kuwa a zuciyata na riga na tafi. Da yamma sai in zauna a tsakar gidanmu a Limawa, cikin Dutse, ina kallon duwatsun garinmu suna yin ja, ina yi musu ban kwana ɗaya bayan ɗaya (har baitoci na rubuta musu, Allah ya rufa asiri babu wanda ya gani). Abu ɗaya ya rage. Abba ya ce shi bai hana ba, amma ba zan taka jirgi ba sai yayarsa ta amince. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma a danginmu in Gwaggo ta ce a'a, magana ta mutu.

Da sassafe na hau mota zuwa Kiyawa. Na tarar da ita a ɗakinta kan buzu, ƙafafu a miƙe saboda ciwon gwiwa, lulluɓe da mayafi kamar kullum. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi mutanen Dutse kaf, sannan ta dube ni sama da ƙasa.

"Wai aikin mota za ki yi a Turai?"

"Motar asibiti ce, Gwaggo."

"Mota dai. Duk wahalar da ubanki ya sha a kan karatunki, ashe ƙarshensa kwandasta."

"Ba kwandasta ba, Gwaggo. In mutum ya faɗi a hanya ko a gida..."

"In ya faɗi ba shi da dangi ne? Sai an ɗauko 'yar mutane daga Jigawa ta ɗaga shi?"

Ina sunkuye ina kallon ƙafafunta da suka ɗan kumbura, na tuna tana da hawan jini, sai na ji ina fata a raina Allah ya kawo wani ɗan ƙaramin dalili a gidan, ba mutuwa ba, ko ƙwarewa ce da tuwo, don ta ga aikina da idonta. (Na sani. Ba fatan mai hankali ba ne.)

Ta ce in je in gaida mutanen gida, in dawo ta faɗa mini abin da ta yanke. Na fita na gaida Baffa, ƙanenta kuma yayan Abba, yana ƙarƙashin darbejiya da rediyonsa. Na tsaya wurin Yaya Hajara, matar ɗan Gwaggo, wadda ke soya man shanun, muka ɗan taɓa hira. Sannan na koma ɗaki.

Gwaggo na kife. Goshinta a kan buzu, jikinta ya karkace gefe guda, ƙafa ɗaya ta zame baya. Babu motsi. Hantsi ne, azahar da sauran nisa, babu wani kiran salla da zai sa wani tunani ya zo mini. Abin da ya zo mini shi ne hawan jini, da kuma wannan mugun fatan nawa.

A wurin horo an koya mana abu bi da bi, har ya zama jiki ne ke yi ba kai ba. Da farko ka kira mutum da ƙarfi.

"Gwaggo! Gwaggo, kina ji na?"

Shiru.

In bai amsa ba, ka matse masa naman kafaɗa. Malaminmu ya ce duk mai sauran hayyaci dole ya zabura. To malaminmu bai taɓa gamuwa da tsohuwar Bafulatana ba, wadda ta haifi 'ya'yanta duka ba tare da maƙwabta sun ji ko tarinta ba. Na matsa. Na ƙara matsawa. Ko gezau.

Abu na gaba, kada ka yi ihun "a taimaka" ga kowa da kowa, don kowa zai tsaya jiran wani. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa, ka ambaci abin da ke jikinsa, ka ba shi umarni. Sai ga ni a bakin ƙofa, yatsa a miƙe, ina nuna Baffa, mutumin da tun da aka haife ni ban taɓa haɗa ido da shi ba.

"Kai! Kai mai jar hula! Nemo mota yanzu-yanzu!"

Ya waiga bayansa ya ga da wa nake. Babu kowa sai akuya.

"Kai nake nufi! Gwaggo ce ta faɗi! Ke mai ludayi, ɗage labulen nan iska ta shigo!"

Baffa ya zura da gudu ba takalmi yana salati. Salatin ya tsallaka katanga, kafin ka ce me matan maƙwabta sun cika ƙofar ɗaki, wata har ta fara kuka. Ni kuwa na dafa kan Gwaggo, na mirgina ta rigingine yadda aka koya mana (kuma wallahi na yi shi da kyau), na sassauta mayafi, na kai kunne hancinta, na ɗora yatsu a wuyanta.

Bugun jininta ya fi nawa lafiya.

Sai a lokacin na lura leɓɓanta na motsi. Idonta biyu, tana kallon rufin ɗaki, ba ta ko kallo na. Ta dafa ƙasa a hankali ta tashi zaune, ta gyara mayafinta, ta ɗora hannu a cinya, yatsa na motsi. Ɗakin ya yi tsit har ana jin tantabaru. Ta juya dama, daidai fuskata, ta ce, "Assalamu alaikum warahmatullah."

Sallar walaha take yi. A zaune take salla saboda gwiwa, sujadarta a karkace take, kuma tana daɗewa a ciki. Kowa a gidan ya san haka, har akuyar.

"Kin gama?" in ji ta.

"Gwaggo, na zaci..."

"Kin zaci na mutu. To da na mutun ma, haka za ki yi ta mintsinin gawata?" Ta shafa kafaɗarta. "Yarinya siririya, hannu kamar na maƙeri."

Daidai nan Baffa ya shigo yana haki, ya bar mai a-daidaita-sahu a ƙofar gida. "Ina take? Da sauran numfashi?"

Gwaggo ta ce, "Ga mai jar hula ya dawo."

Matar da ke kuka ita ta fara fashewa da dariya. Man shanun Yaya Hajara ya ƙone. Ni ban ci abinci ba, ban kuma tambayi abin da Gwaggo ta yanke ba. Na ja mayafina har hanci, na yi kuka daga Kiyawa har Dutse, na kwance kayan da na ɗaure a akwati.

Bayan 'yan kwanaki Abba ya kira ni ya ce Gwaggo ta amince, ta sa albarka, har ta aiko da kuka da daddawa. Sai na saƙa wa kaina labari mai daɗi: ta ga zafin namana, ta gane aikin ba wasa ba ne. Haka na riƙa ba abokan aikina labarin a cikin mota, ina ɗan rage wajen jar hular. Darasi dai na ɗauka. Yanzu in na tarar da mutum a kife, kafin in taɓa shi sai na fara duba ko gabas yake kallo, duk da a garin da nake rana ba ta cika fitowa ba balle in san ina ne gabas.

Sai bara da na zo hutu Yaya Hajara ta gaya mini abin da Gwaggo ta faɗa wa Abba, domin tana wurin. Cewa ta yi: "Ka bar ta ta tafi, kuma ka sa ta hanzarta. In yarinyar nan ta zauna a ƙasar nan, babu tsohon da zai sake yin doguwar sujada lafiya."