Tauraro Mai Lagwani

Sallau Mai Hoto dai in cika baki ne a ba shi hanya. Abu biyu yake ji da su a duniya: kyamararsa ta ɗaukar biki, da wani gashin baki da yake murzawa kamar ƙahon rago.

Ran nan a teburin Barau mai shayi, Malam Ilu, tsohon malamin kimiyya, ya nuna hoton da ya ɗauka da madubin hangen nesa: wani ɗan zobe shuɗi-shuɗi a cikin duhu. Ya ce tauraro ne ya tsufa ya amayar da hayaƙinsa, kuma sai da ya yi wata biyu yana fama kafin ya samu. Kowa ya jinjina. Sallau kuwa ya taɓe baki.

"Wata biyu a kan wannan ɗan ƙuli-ƙulin? Nan da Juma'a in ban kawo wanda ya fi shi ba, a aske min gashin baki."

Mati wanzami ya ce ya shaida.

To, baki shi ke yanka wuya. Kwana huɗu Sallau yana auna sama, ƙyas, ƙyas, ba abin da ke fitowa sai baƙi ƙirin. Hankalinsa ya tashi. Asubar Juma'a ya ga Barau ya kunna risho ya tafi ɗebo ruwa. Wuta shuɗiya, zagaye, tsakiya duhu. Gogan naka ya waiga, ya leƙa ta sama, ƙyas!

Da hantsi ya baje hoto a teburi yana murza gashin baki. Ya ce wannan ya ninka na Malam nisa, har wani zafi-zafi ya ji a fuska lokacin ɗauka. Malam Ilu ya gyara tabarau yana duba hoton. Barau kuwa ya ƙura ido, ya juya hoton, ya sake juyawa.

"Ikon Allah. Sallau, ashe taurari ma lagwaninsu na mutuwa? Dubi giɓin nan na hagu. Sak na rishona."

Ya sauke tukunyar shayi. Ga zobe, ga giɓi.

Wuri ya kece da dariya, har wani ya ƙware da shayi. Can gefe sai ji aka yi fes, fes, Mati yana wasa aska.

Har yau in Sallau ya nufo teburin, leɓe fayau, sai ka ji an ce, "Barau, kunna tauraro, ga mai shi nan."